"Ya Jiki?" "Da Sauƙi": Da Wane Mudu Ake Auna Lafiyar Wanda Ba Zai Warke Ba?

Mai karatu, idan kai ma'abocin kallon finafinanmu ne tun zamanin kaset, na san ka haddace wannan fitowa kamar yadda ka haddace hanyar gidanku. An kwantar da jarumi a gadon asibiti, an rataya masa ledar ƙarin ruwa, dangi sun yi cirko-cirko a baranda. Can sai likita ya turo ƙofa, ya cire tabarau. Daga nan ɗayan biyu zai faɗa: ko dai ya girgiza kai ya ce, "Sai dai ku yi haƙuri," a ɓarke da kuka, ko kuma ya yi murmushi ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, ya farfaɗo," a yanko waƙa. Ƙofa biyu ce marubutanmu suka sani, ta kabari da ta warkewa. Haka abin yake a yawancin littattafan da muke karantawa.

To amma akwai ƙofa ta uku, wadda mutane ke shiga kullum ba tare da kowa ya ɗauke su a kyamara ba. Ita ce wadda likita zai zaunar da dangi ya ce, "Wannan ciwo ba zai kashe shi yau ko gobe ba, amma kuma ba zai rabu da shi ba. Zai lafa, zai tashi, zai sake lafawa." Tambayar da nake son mu tattauna a wannan wata ke nan: mutumin da ya shiga ta wannan ƙofa, zai iya cewa yana lafiya ba tare da ya yi ƙarya ba? In zai iya, da wane mudu za a auna lafiyar tasa? Kuma mudun a hannun wa yake?

Ba haka kawai tambayar ta faɗo mini ba. Ina da wani aboki a wannan sana'a tamu, edita ne, ba zan faɗi sunansa ba. Shekarun baya ya fara ramewa, ga ciwon mara, ga zaryar ban ɗaki da jini, wata rana har sau goma sha. Aka ce basir ne, ya sha jiƙe-jiƙe. Aka ce atuni ne, aka ce taifod, ya sha allurai. Da ramar ta yi nisa sai aka koma raɗa, wasu su ce ƙanjamau, wasu su ce jifansa aka yi. Sai da ya shekara kusan uku a haka kafin a leƙa hanjinsa da na'ura a gano sunan abin da ke damunsa.

Ciwon na cikin dangin da likitoci ke kira kumburin hanji mai daɗewa. Manyansa biyu ne. Na farko shi ne gyambon babban hanji, wanda likitan Ingila Samuel Wilks ya bayyana a 1859. Shi wannan yana farawa ne daga ƙarshen hanji ya yi sama, kuma fatar cikin babban hanji yake ci. Na biyu shi ne cutar Crohn, wadda ta samo suna daga Burrill Crohn, ɗaya daga cikin likitoci uku da suka yi rubutu a kanta a birnin New York a 1932. Ita wannan tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, ta tsallake nan ta kama can, kuma tana ratsa kaurin hanjin har ta ƙuntata shi ko ta huda shi. A duka biyun, garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri ta riƙa ƙona hanjin mai ita. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma abincin da mutum ya ci jiya ne ya jawo shi ba. Ya fi fara bayyana a ƙuruciya, daidai lokacin da mutum ke neman aure da sana'a. Wani babban ƙiyasi ya nuna cewa a 2017 mutum miliyan 6.8 ne ke ɗauke da shi a duniya. A wajenmu kuwa ganewar ce ke da wuya, domin yana kama da atuni, cutar Crohn kuma tana kama da tarin fuka na hanji, ga shi duk jinin da Bahaushe ya gani a bayan gida, basir zai fara kira.

Abin da ya tsaya mini a rai game da abokin nan nawa ziyara biyu ce. A ta farko na same shi da takardar gwaji a hannu, likita ya ce kumburin ya lafa, komai ya yi kyau. Na ce, "Alhamdu lillahi, ashe an warke!" Sai ya dube ni ya ce, "Takarda ce ta warke, ni ban warke ba." A lokacin wani furodusa ya janye aikinsa ya ba wani, wai ba zai iya jiran mai zaryar bayi ba, maganar aurensa ta tsaya, ko majalisa ya daina zuwa don tsoron kada cikinsa ya murɗa a inda babu makewayi. A ziyara ta biyu, bayan shekara guda, ciwon ya tashi, yana kwance, amma kwamfuta na kan cinyarsa yana tace wani fim, ƙaninsa na gefe suna gardamar ƙwallo. Na ce, "Ya jiki?" Ya ce, "Jiki babu daɗi, amma ni lafiya lau nake." To mai karatu, a wace rana ce mutumin nan ya fi lafiya?

Masu son finafinan Indiya za su tuna cewa an taɓa yin irin wannan tambaya a fim ɗin Anand na 1971, wanda Hrishikesh Mukherjee ya ba da umarni. Rajesh Khanna ne Anand, mai cutar daji a hanji, wanda 'yan watanni suka rage masa amma ya cika ko'ina da raha. Amitabh Bachchan ne likitansa, lafiyayye garau amma kullum fuska a murtuke. Fim ɗin yana sa ka tambayi kanka wane ne majinyacin a cikinsu. Sai dai a matsayina na mai sharhi dole in ce marubucin ya sauƙaƙa wa kansa aiki. Anand ta ƙofar kabari ya fita. Jarumtar wata shida daban, ta shekara arba'in daban. Wanda zai mutu gobe kowa na lallashinsa. Wanda zai yi ta ciwo har tsufa, gajiya ake yi da shi.

Bari mu ga yadda masana suka yi ta fama da wannan mudu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a tsarin mulkinta da ya fara aiki a 1948, ta ce lafiya ba rashin cuta kaɗai ba ce, a'a, cikakken jin daɗi ne na jiki da tunani da zamantakewa. Rabin farko na maganar ya yi daidai. Rabi na biyu kuwa, kalmar "cikakken" ta ɓata shi. In sai komai ya cika ne za a ce mutum yana lafiya, to abokina ya yi bankwana da ita har abada, ni da kai ma da wuya mu samu kwana bakwai a jere muna cikinta. Shi ya sa a 2011 wata likita 'yar ƙasar Holan, Machteld Huber, da abokan aikinta suka ba da shawarar a ɗauki lafiya a matsayin ikon da mutum ke da shi na daidaita kansa da halin da ya tsinci kansa, da iya tafiyar da al'amuransa.

Su kuma likitocin hanji suna da nasu mudun. Akwai gwajin jini da ke nuna kumburi. Akwai gwajin bahaya da ke auna wani sinadari mai suna kalfurotektin. Akwai kolonoskofi, wato zura siririyar na'ura mai kyamara a ga cikin hanji ido da ido. Tun 1976 kuma akwai wani lissafi na cutar Crohn da aka tsara a Amurka, inda ake haɗa abubuwa takwas, har da yawan gudawa cikin kwana bakwai da zafin ciwon ciki da nauyin jiki; in maki bai kai 150 ba a ce ciwon ya lafa, in ya haura 450 a ce ya yi tsanani. Duk waɗannan suna auna ciwon ne. Ba su auna mai ciwon.

Likitocin da kansu sun lura da wannan giɓi. A 1989, masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada suka fitar da wata takardar tambayoyi 32 da majinyacin ne da kansa zai amsa. An kasa su gida huɗu: halin da hanji ke ciki, halin da sauran jiki ke ciki kamar gajiya da barci, halin zuciya, da kuma hulɗa da jama'a. Kowace tambaya makinta daga 1 zuwa 7 ne, jimilla daga 32 zuwa 224. A ciki ake tambayar mutum ko ciwon ya hana shi zuwa aiki, ko ya sa shi fasa zuwa wani taro, ko yana fargabar rasa ban ɗaki, ko ya ji kunya. Ka ga an fara miƙa wa mai ɗaki mudu, tunda shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma abin da aka gano da irin waɗannan tambayoyi ba ƙarami ba ne. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2021 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo yana da alamun fargaba, ɗaya cikin huɗu kuma yana da alamun ciwon damuwa. Wasu da dama, ko bayan kumburin ya lafa, gajiya da murɗar ciki ba sa sakinsu. Ashe abokina ba shagwaɓa yake yi ba ranar da ya ce takarda ce ta warke.

Amma ko wannan takarda, in ka duba, ɓarnar ciwo take ƙirgawa. Akwai wanda ya juya tambayar gaba ɗaya. Sunansa Aaron Antonovsky, masanin zamantakewa, haifaffen Amurka da ya yi aiki a Isra'ila. A wajen 1970 yana nazarin lafiyar wasu mata 'yan asalin Turai, sai ya tarar cewa a cikin waɗanda suka tsira daga sansanonin 'yan Nazi, kashi 29 cikin ɗari suna da lafiyar zuciya mai kyau, alhali a sauran matan kashi 51 ne. Wani zai tsaya ne a kan tazarar. Shi kuwa abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ta yaya aka yi har kashi 29 suka fito daga wannan azaba da hankalinsu a kwance? Daga nan ya ce maimakon kullum mu riƙa tambayar me ke kawo cuta, mu tambayi me ke kawo lafiya. A littafinsa na 1979 ya ce lafiya da cuta ba ɗakuna biyu ba ne da mutum zai kasance a ɗaya. Igiya ce guda mai baki biyu, kowannenmu yana wani wuri a kanta, yau ya matsa nan, gobe ya matsa can.

Abin da ke jan mutum zuwa bakin lafiya, a ganinsa, abu uku ne. Na ɗaya, ya fahimci abin da ke faruwa da shi, kada rayuwa ta zame masa rikitaccen fim marar labari. Na biyu, ya ji cewa akwai abin da zai iya tunkarar matsalar da shi, a hannunsa ne ko a hannun waɗanda ya amince da su. Na uku, wanda ya ce ya fi sauran, ya ga cewa akwai abin da ya cancanci ya tashi dominsa da safe. Ya ma tsara tambayoyin auna wannan, masu 29 da kuma gajeru masu 13. A 2014 an buga wani bincike daga ƙasar Nowe inda aka yi wa masu kumburin hanji su 428 irin waɗannan tambayoyi, aka ga cewa waɗanda makinsu ya fi yawa sun fi amincewa da iyawarsu, kuma gajiya ba ta cika dabaibaye su ba.

Ɗora abu ukun nan a kan abokina ka gani. Shekara ukun da ya yi ana ce masa basir, ana ce masa jifa, na farkon ne ya rasa. Ya taɓa gaya mini cewa ranar da aka faɗa masa sunan ciwon ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba, duk da an ce ba ya warkewa. Na biyun ya samu ne da ya san maganinsa, ya san alamun tashin ciwon, ya san likitan da zai kira. Na ukun kuwa wani darakta ne ya dawo masa da shi, da ya ce, "Malam, ka yi aikin a gida, ranar da ka iya." Ba a canja masa hanji ba, amma an matsar da shi a kan igiyar.

Yanzu bari in yi wa kaina gardama, domin maganar tana da ramuka biyu, kuma mu Hausawa mun iya faɗawa cikin duka biyun.

Rami na farko shi ne a ce tunda lafiya a zuciya take, to magani ba dole ba ne. Wannan ganganci ne. Kumburin hanji yana iya ci gaba da ɓarna a ɓoye alhali mutum yana jin garau. Wanda ya daina shan magani don ya ji daɗin jikinsa, sau da yawa shi ne ke komawa gado. Wanda kumburin ya daɗe a babban hanjinsa yana da ƙarin haɗarin cutar daji, shi ya sa likitoci ke fara leƙa hanjin a kai a kai bayan kimanin shekara takwas. Magunguna irin su mesalazin da azatiyofirin, da na zamani irin su infiliksimab da aka amince da shi a Amurka a 1998, su ne ke riƙe ciwon. Firedinisolon yana kashe wutar da sauri amma ba na zama da shi ba ne. Taba sigari tana ƙara wa cutar Crohn muni. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, da muke saye a kemis kamar gyaɗa, suna iya tayar da ciwon. Ƙarancin jini da ke sa mutum kasala ana gano shi da gwaji, ana kuma magance shi. Saboda haka mudun likita ba abin yarwa ba ne. Jiki magayi ne, amma ba komai yake faɗa ba.

Rami na biyu ya fi zurfi, kuma shi ne na ɗabi'a. Da zarar an ce ƙarfin zuciya na taimaka wa majinyaci, sai a samu masu juya maganar ta zama tuhuma: "Ai kai ne ka cika sa damuwa." "Ai wane ma yana da irinsa amma yana harkokinsa." Sai a kawo maka misalin Shinzo Abe, wanda gyambon babban hanji ya sa ya sauka daga kujerar Firayim Ministan Japan a 2007, ya dawo a 2012, ya zama wanda ya fi kowa daɗewa a kanta, kafin ciwon ya sake sauke shi a 2020. Ko a kawo maka Darren Fletcher na Manchester United, wanda ya dakatar da ƙwallo a Disamban 2011, aka yi masa tiyata a Janairun 2013, ya koma fili a Disamban shekarar. Gaskiya ne sun yi jarumta. Amma a tuna, bayan kowannensu akwai ƙwararrun likitoci, da kuɗin magani, da wurin aikin da ya jira shi. Kada a ɗauki labarinsu a doki ɗan achaba da kuɗin gwaji ɗaya ya fi abin da yake samu a wata. Damuwa ba ita ke haifar da ciwon nan ba, ko da yake tana iya taimaka masa ya motsa. Shi kansa Antonovsky bai ce abu ukun nan daga sama suke faɗowa ba. Ya ce daga abin da mutum ya samu a kewayensa suke ginuwa, kamar dangi, da ilimi, da abin hannu, da imani, da mutuncin da jama'a ke ba shi.

Nan ne maganar ta dawo kanmu. In har wani kaso na lafiyar mutumin nan a kewayensa yake, to mu ne kewayen. Ka ɗauki abu mafi ƙanƙanta, ban ɗaki. A jihar Illinois ta Amurka, wata yarinya 'yar shekara 14 mai cutar Crohn, Ally Bain, ta roƙi a bar ta ta shiga ban ɗakin ma'aikata a wani kanti aka hana ta, har abin kunya ya same ta a gaban mutane. Ba ta ɓoye ba. Ita da mahaifiyarta suka bi maganar har aka yi doka a 2005 da ta wajabta wa kantuna su buɗe wa masu irin wannan lalura ƙofa. Mu fa? Sau nawa ake fita lokeshin a wuni cur ba a yi tunanin inda mutane za su kewaya ba? Sau nawa finafinan barkwancinmu suka mai da mai gudawa abin dariya, yana riƙe da ciki yana gudu ana kiɗa? Mun yi dariya, ni ma na yi. Amma akwai wanda yake kallo tare da mu a ɗakin, wanda wannan fitowa ce dalilin da ba zai taɓa gaya mana abin da ke damunsa ba.

Sannan ga gaisuwarmu. "Ya jiki?" "Da sauƙi." Ban raina ta ba, addu'a ce da kyakkyawan fata, kuma tarbiyya ce. Amma mu daina ɗaukar ta a matsayin awo, domin wanda ke gargara ma "da sauƙi" zai ce. In da gaske kana son sanin halin da ɗan'uwanka ke ciki, zauna bayan gaisuwar ka yi tambaya ta biyu: Kana samun barci? Ka koma aiki? Maganin bai yanke ba? Me ka daina yi wanda kake so ka koma yi? Yawancinsu irin tambayoyin da malaman Kanada suka rubuta a takarda ne, kuma ba ka buƙatar digiri kafin ka yi su.

Abin sha'awa, harshenmu ya riga masana zuwa wurin. Muna cewa a sauka lafiya, a kwana lafiya, a rabu lafiya, gari ya zauna lafiya. Babu ɗaya a ciki da ke nufin rashin cuta kawai. Garin da ke zaman lafiya ba garin da babu saɓani ba ne, gari ne da saɓanin bai hana kasuwa ci ba. In haka ne, amsar tambayata ita ce: e, wanda ba zai warke ba zai iya cewa yana lafiya, kuma bai yi ƙarya ba. Warkewa daban, lafiya daban. Sai dai mudu ɗaya ba ya auna ta. Akwai na likita, wanda ke ganin abin da majinyaci ba ya ji. Akwai na majinyaci, wanda ke jin abin da na'ura ba ta gani. Duk wanda ya yar da ɗaya ya riƙe ɗaya, ya tauye awo. Abin da ake zubawa a cikin na biyun kuwa, da yawansa daga hannunmu yake fitowa.

Ga marubutanmu da daraktocinmu, ga labari nan a ƙofa ta uku yana jiran mai ɗauka. Matar da ta san mijinta zai yi ta kwanciya yana tashi, ta zauna. Surukin da aka gaya wa gaskiya kafin ɗaurin aure, ya rasa abin da zai yanke. Maigidan da zai zaɓa tsakanin ribarsa da yaron shagonsa. In ba a ga abin tausayi da soyayya a nan ba, ban san inda za a gan su ba.

Abokina yana nan, wata ya yi kyau, wata ya kwanta. Fim ɗin da ya tace a kan gado ya fito, sunansa na cikin jerin ma'aikata a ƙarshe, wurin da yawancinmu ke tashi mu bar kallo. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma ya sa mu zama cikin sanadinta. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.